Surutuna da Man Gyaɗa

Har gobe in aka soya gyaɗa a maƙwabta, ƙamshin ya tsallako katanga, sai in ajiye abin da ke hannuna in yi tsaye. Jikokina sun san ni da wannan. Sai ka ji sun ce, "Kaka ta tafi gidan mai." Gaskiyarsu ce kuwa, can nake tafiya.

Gidan mai wani babban gida ne a bayan kasuwar Dutsin-Ma, inda mata ke matsar man gyaɗa suna yin ƙuli-ƙuli. Na wani Alhaji ne mai sayen hatsi, wanda ba mu cika ganinsa ba sai dai motarsa in ta kawo buhuna. Ni dai ba mai son fita ba ce. Ko biki ake yi, da na kai gudummawata na yi Allah-sanya-alheri, ƙafata gida take nema. To amma shekarar da ciwon baya ya kwantar da maigidana, ya daina zuwa su a madatsar ruwan Zobe, sai tukunyarmu ta fara wuni ba a ɗora ta ba. Maƙwabciyata, wata dattijuwa da kowa ke ce wa Goggo, ita ta dube ni ta ce, "Ɗauko mayafinki. Zama bai ƙare ki da komai ba." Haka na bi ta, ina tafe ina waiwayen ƙofar gidana.

Aikin gidan kashi biyu ne, na tsakar gida da na ɗaki. A tsakar gida, ƙarƙashin wani ƙaton itacen bedi, wato darbejiya, nan ake ɓarar gyaɗa, a soya ta cikin yashi a manyan kasake, a murje, a fece jan ɓawon, sannan a kai inji a markaɗo. A nan ne kuma ake mulmula ƙuli a soya. Ɗakin kuwa shi ake kira ɗakin turmi. Can ake shiga da markaɗe a juye a turmi, ana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana tuƙawa da taɓarya har mai ya taso. Duk wahalar da muka sha a waje, a wannan ɗaki ake sanin ko ta yi amfani. In mai tuƙi ta kuskure ruwa, buhu guda ya lalace. Saboda haka ba kowa ake sawa ba, kuma wadda aka sa, ko a gidan suna aka haɗu, ita ake fara miƙa wa tabarma.

Ni kasko aka ba ni. Na yi shekaru a bakinsa. Idona ya yi ja, zannuwana duk suka yi huji-huji saboda tartsatsi, in na koma gida 'ya'yana su ce ina warin hayaƙi. Ban ƙi aikin ba, don tsakar gidan nan akwai daɗi. Amma abin da ke cina a rai shi ne na iya tuƙi. A Kutawa aka haife ni, innata kuwa da man gyaɗa ta aurar da mu duka. Tun ban kai tsawon taɓarya ba nake riƙe mata ƙoƙon ruwa.

Wadda ke riƙe da gidan 'yar'uwar Alhaji ce, ya ɗauko ta daga Kurfi. A gabanta Hajiya muke ce mata, a bayanta kuma Manaja. Doguwa ce, ba ta da ƙiba, makullai ɗaure a bakin gyalenta, goro kuwa ba ya barin kumatunta. Kujerarta 'yar tsugunno tana bakin ɗakin turmi, daga nan take ganin kowa. Kada in ɗauki alhakinta, ba muguwa ba ce. Lokacin da autana ya yi ƙyanda, ita ta ce in tafi gida sai ya warke, har ta aiko mini da gasara. Sai dai fa in kika fito daga Kurfi, to kin fito da sa'arki.

Ni kuwa kunne gare ni. Tun a gaisuwar safe nake jin bambancin. In 'yar Kurfi ce ta shigo, sai ki ji, "Ɗiyata, kin tashi lafiya? Ya ƙafar innarki? An sami ruwa kuwa wajenku?" In mu ne, "Lafiya lau. A hura wuta." Su ɗiyata, mu ke. Ƙulin farko mai zafi, wanda ake ɗanɗanawa a ji gishiri, hannunsu yake zuwa. Yarinya za ta zo daga Kurfi ba ta san bambancin gyaɗar da ta soyu da wadda ta ƙone ba, kafin damina ta zagayo sai ki ga an ɗaga mata asabarin ɗakin turmi ta shige. Mu kuma muna nan muna fifita wuta.

A cikinsu akwai 'yar gaban goshinta, wadda muke kira Ta Kurfi kawai, kamar ita kaɗai ce daga garin. Ita ke riƙe da babban turmi. Na girme ta nesa, Yaya take ce mini. Shiru-shiru ce, in ta gaishe ki sai kin matso kafin ki ji. Na so in ƙi ta, wallahi na gwada, abin bai yiwu ba. Ba ta taɓa yi wa kowa kallon banza ba.

To, ɗakin turmi yana da doka: ba a magana a ciki. Masu wannan sana'a da yawa sun yarda cewa mai yana da kunya, in aka cika hayaniya a kansa sai ya ƙi fitowa, ya ɓuya cikin tunkuza, wato abin da ake mulmula ƙuli da shi. Wasu ma in baƙuwa ta yi sallama suna cikin tuƙi, ba sa amsawa sai mai ya taso. Manaja ta riƙe wannan da hannu biyu. Ni kuma ga yadda Allah ya yi ni. Tun da na ɗaura zani na zauna bakin kasko bakina ke aiki har a tashi. Labarin unguwa, labarin masunta, yadda wance ta yi ciniki, yadda wane ya yi tari a masallaci, duk ina kwaikwayon muryoyinsu ana dariya. Rediyo suke ce mini. In abin ya yi yawa sai Manaja ta ce daga kujerarta, "A rage rediyon nan." In rage na ɗan lokaci, in koma.

Ranar da aka shigar da wata sabuwar yarinya ɗakin, wadda ni na koya mata riƙon matankaɗi, na koma gida ban iya cin tuwo ba. Maigidana yana kishingiɗe ya ce, "In kina so, ki nema mana. Ciwon da ba a faɗa ba wa zai ba shi magani?" Na ce ai ba a yi haka. Mace ba ta tsayawa gaban babba ta ce a ba ni wuri kaza. Aike ake yi. Saboda haka na sayi goro mai kyau, fari, na ƙulle a ganye na kai wa Goggo, na ce ta yi mini magana.

Goggo ta je ta dawo. Muna hanyar gida na ce, "Goggo, mi ta ce?"

"Ta ci goron."

"Bayan goron fa?"

"Ta ce hannunki ba ta da shakka a kansa. Bakinki ne. Ta ce in kika shiga ɗakin nan, man da ke cikin kwalabe ma sai ya gudu."

"Haka ta ce?"

"Na rage miki ma."

Na ce to, in baki ne, za a gani. Na kudurta a raina daga gobe na yi shiru.

Abin da ban lissafa ba shi ne ina tsakiyar wani labari. Kawun maigidana ne a Kuki ya sayi jaki. Shi da wansa sun yi shekaru ba sa ga-maciji saboda iyakar gona, ko a jana'iza suka haɗu kowa gefensa yake bi. To wannan jaki, duk ranar kasuwa in aka ɗora masa kaya, sai ya miƙe tiryan-tiryan zuwa ƙofar gidan wan nan ya tsaya. A buga, a ja, a tura, ko gezau. Kawu ya tsaya nan cikin rana yana zufa, wansa na zaune a dakali yana jan carbi, ba mai ce wa wani uffan. Na kai daidai inda mutanen gari suka fara taruwa kallo, aka tashi aiki, na ce sai gobe. Goben ke nan da na rufe bakina.

Na shigo na yi gaisuwa a taƙaice na zauna bakin kasko. Aka jira. Wata ta ce, "Rediyo, ina aka kwana a jaki?" Na yi murmushi na ci gaba da juya gyaɗa. Aka ce ko batir ne ya ƙare. Na yi shiru. Kafin azahar wata ta kawo mini kanumfari wai in danna a haƙorin da ke ciwo. Washegari wata ta ja ni gefe ta tambaye ni ko wani abu ne ya faru tsakanina da maigidan. Wata kuma ta dubi cikina ta ce, "Ko dai?" Na ce mata a wannan shekarun? Ta ce Allah ba ya tambayar shekaru.

Ku yarda da ni, ban taɓa yin aiki mai wuya kamar shirun nan ba. Magana ta taso mini har maƙogwaro in haɗiye ta kamar ƙwayar magani. A gida ma sai abin ya bi ni. Maigidana ya ce, "Ke, in laifi na yi ki faɗa mini, wannan shirun ya fi zagi." Tsakar gidan mai kuwa ya koma ba ka jin komai sai ƙarar yashi a kasko da kukan kurciya a kan bedi. Aiki ya yi sanyi. Masu ɓara suna yi suna hamma. Goggo ta ce mini, "Kin ga yadda kika mai da mu? Kamar masu zaman makoki." Na ce ai ita ta kawo saƙon.

Ana cikin haka wata rana na je bakin randa shan ruwa, sai ga Ta Kurfi ta fito daga ɗaki tana matsa kafaɗarta. Ta duba hagu da dama, ta matso.

"Yaya, don Allah mi muka yi maki?"

"Ku? Ba ku yi mini komai ba."

"To ki koma magana. Tagar ɗakin nan tana saitin kaskonki. Mu a ciki ba mu da abin ji sai ke. Da muryarki muke tuƙi. Tun da kika yi shiru taɓaryar nan ta yi mini nauyi."

Na tsaya da moɗa a hannu. Shekara da shekaru ina zaton su a ciki ba su san ma muna yi ba.

"Har Hajiya tana bin labarin?"

Ta rufe baki da gefen mayafi. "Ranar da kika kwaikwayi mai gyaran fitila, sai da ta shigo ɗaki ta juya mana baya. Kafaɗunta kawai muke gani suna rawa."

Duk da haka ban buɗe baki ba. Na riga na sa kaina, kuma ina jiran Manaja ta kira ni ta ce ta gani. Ba ta kira ba. Tana wucewa ta gabana, makullai na ƙara, ko kallo.

Sai ɗiyar Manaja da ta je goyon ciki gida ta haihu a Kurfi. Muka haɗa sabulu da turmin atamfa, muka cika mota guda muka tafi barka ranar suna. Wannan ne zuwana Kurfi na farko, duk kusancinsa. Ina ta kallon duwatsu ta taga ina cewa a raina ashe daga nan sa'a ke fitowa.

A gidan ne na ga abin da ban sani ba. Manajar da muke tsoro, a can 'yar gida ce kawai. Tsofaffi suna kiranta da sunan yarinta, suna aikenta ta ɗauko musu buta. Ina zaune kusa da ƙofar ɗaki, kunnena kuma bai yi shiru ba ko da bakina ya yi. Wata tsohuwa ta riƙe mata hannu tana cewa, "Jikar nan tawa tana zaune, uban ya rasu, ki tafi da ita Dutsin-Ma." Wata ta ce, "Tawa fa har yau tana waje cikin hayaƙi? Ni da na goya ki?" Ta ce to, ta ce in sha Allahu, ta ce za a duba. Na ga yadda take share zufa da gefen gyale. Ban ce abin da take yi mana daidai ne ba, har yau ban ce ba. Amma na gane cewa su suna da masu riƙe mata hannu su faɗa mata a ido, ni kuwa goro na aika.

Da la'asar muka yi sallama, ta taso yi mana rakiya zuwa bakin titi. Kun san dai yadda rakiya take a wurinmu. A cikin gida gaisuwa ce da cin abinci da sa albarka. Maganar da ta kawo mutum, sai an fito ana tafe kafaɗa da kafaɗa, ba mai kallon idon wani. Goggo ta dube ni, ta dubi Manaja, sai ta hau faɗa da sauran wai su ɗaga ƙafa mota za ta tafi. Ta kora su gaba kamar awaki, aka bar ni da ita a baya.

Na ce, "Hajiya, ina da magana."

"Ashe bakin yana nan. Na ce ko an sace shi."

"So nake ki sa ni a turmi."

Ta tauna goro. "Kin aiko Goggo, na ba ta amsa."

"Kin ce bakina ne. Na rufe shi."

"Na gani. Kin rufe, gyaɗa ta daina ɓaruwa."

"Hajiya, na daɗe a bakin kasko. Waɗanda na koya wa aiki sun shiga sun bar ni. Ban ce a fitar da kowa ba. A gwada ni kawai. A hannun innata na koya, ba jiya ba."

Ta ci gaba da tafiya tana tauna goronta. Muka wuce wata rijiya, muka wuce masu sayar da rake. Har na fara hango motar, na ce shi ke nan, na zubar da mutuncina a banza. Sai ta yi gyaran murya, tana kallon gabanta.

"Wai jakin nan na kawun mijinki. Mi ke kai shi ƙofar gidan wansa?"

"Ashe Hajiya tana ji."

"Kurma ce ni? Taga a buɗe take."

Ban san inda na sami ƙarfin hali ba. Na ce, "Ƙarshensa sai a ɗakin turmi, Hajiya."

Ta tsaya cak. Ta juyo ta dube ni tun daga ɗankwali har silifa. Na ce yau na kori kaina da kaina. Sai ta fashe da dariya har tana riƙe makullanta, dariyar da ban taɓa jin irinta a bakinta ba.

"Ke dai ba ki da kunya. To ji nan. Ƙaramin turmi zan ba ki, ki gwada. In mai ya fito, mu gani. In ya ƙi, ki koma kaskonki, kuma kada in sake jin maganar nan, ko daga bakinki ko daga bakin Goggo. Kin yarda?"

Na ce na yarda.

Ranar da aka koma aiki na yi wanka na sa zanen da ba shi da huji. Da hantsi aka dawo da markaɗe daga inji, Manaja ta ɗaga asabari ta ce, "Shiga." Matan tsakar gida duk suka bar abin da suke yi. Goggo ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Rediyo. A kashe kafin a shiga."

Ɗakin ya fi yadda nake zato ƙanƙanta, ga duhu-duhu, ga zafi. Turame a jere, tukunyar ruwa tana tafasa a kusurwa, bango ya yi baƙi da maiƙo. Ta Kurfi tana kan babban turmi, ta yi mini murmushi. Manaja ta jawo kujerarta ta zauna a bakin ƙofa daga ciki.

Na yi bisimilla a zuci, na zuba ruwan farko na fara tuƙi. Na datse leɓɓana. Duk hankalina yana kan kada wata kalma ta kuɓuce mini. To kun san in mutum yana tsaron bakinsa, jikinsa duka sai ya ɗaure. Hannuna ya yi tauri kamar ba nawa ba. In tuƙa in tsaya in leƙa, in ƙara ruwa in sake tsayawa. Shi kuwa wannan aiki ba ya son tsayawa, so yake a yi ta juyawa bai-ɗaya tun da zafinsa. Markaɗen ya ɗaure, ya yi nauyi, amma ba ƙyalli ko kaɗan. Ya fara hucewa. A turmin Ta Kurfi har an fara kwasa da ludayi, nawa kuwa kamar taɓo. Na ji Manaja ta ja numfashi, makullai suka yi ƙara alamar za ta tashi. Na ga kaskona a idona, na ga kaina a bakinsa har tsufa.

Sai na ji wata 'yar murya daga gefe.

"Yaya, to da mutane suka taru a ƙofar gidan, sai aka yi yaya?"

Ta Kurfi ce. Ita da ba ta taɓa karya dokar ɗakin nan ba. Sauran suka sunkuyar da kai. Na dubi Manaja. Ta ciro goro daga gyale ta ɓantara, ta koma ta zauna, ta kau da kai wajen ƙofa. Ba ta ce yi ba, ba ta ce bari ba.

Na ce a raina tunda man ya ƙi ya ƙi, gara in mutu da bakina a buɗe. Na ɗebo ruwa mai zafi na yayyafa, na kama taɓarya, na fara.

Na ba su yadda kawu ya gaji ranar nan ya cire hula ya yi wa jaki magiya. Na yi muryar wan, mai kauri, yana cewa da iska, ba da ƙanensa ba, "Wasu dai ko dabbarsu ta fi su sanin zumunci." Na yi muryar kawu yana amsa wa jakin, "Faɗa masa ba wurinsa na zo ba." Aka fara ƙunshe dariya. Na ba su yadda aka yi ta haka kasuwa bayan kasuwa, har ran nan ruwan sama ya kama kawu a ƙofar, wan ya ce wa jaki, "In ubangidanka yana so ya shigo zaure, ba a hana shi ba." Suka zauna a zaure ɗaya, ruwa na zuba, tun suna yi wa jaki magana har suka manta da shi. Sai daga baya aka gano ashe yayarsu ce, tsohuwar da ke zaune a gidan wan. Ita ta bi ta san wanda ƙanenta zai sayi jaki a wurinsa, ta roƙa a riƙa biyo da shi ta ƙofar, tana ba shi dusa da kanwa tun kafin a yi ciniki.

Ina ba da labarin nan ban san lokacin da hannuna ya saki ba. Ya koma yin abin da ya sani. Sai a lokacin na tuna innata ba ta taɓa tuƙi shiru ba, tana yi tana korar kaji tana hira da maƙwabciya ta kan danga. Ban leƙa turmin ba, kunnena ne ya faɗa mini. Ƙarar ta sauya, daga mai nauyin nan ta koma santsi, taɓarya tana sulɓi. Da na duba, ga shi ya taso ta gefe-gefe, ja-ja, yana ƙyalli, yana taruwa a tsakiya.

Manaja ta taso. Ta karɓi ludayi ta ɗebo, ta kai bakin ƙofa wajen haske, ta tsiyayar da shi a hankali tana kallo. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Da ma gyaɗar bana mai mai ce."

Na ce, "Haka ne, Hajiya."

Ta miƙo mini ludayin. "Kwashe kafin ya huce. Gobe ki zo da wuri. Kuma ki daidaita muryar nan yadda na waje za su ji, kada su yi mini barci a kan gyaɗa." Har ta ɗaga asabari ta juyo. "Tsohuwar nan tana da rai?"

Na ce ta rasu. Ta ce, "Allah ya jiƙanta. Ta yi dabara."

Haka na zama mai ƙaramin turmi. Kada ku zaci wani abu ya canja a halinta. Babban turmi na Ta Kurfi ne har ƙarshe. Ƙulin farko bai taɓa zuwa hannuna ba. Ban taɓa zama ɗiyata ba, ke ɗin nan dai ita ce, sai dai ta ƙara mini da tambayar bayan maigidana. Dokar ma ba a ɗage ta ba. Duk sabuwar da aka shigar sai an faɗa mata ba a magana a nan. In ta nuna ni da ido, Manaja ta ce, "Wannan ai mai ya saba da ita. Ke bai san ki ba."

Wani abin kuma, da na shiga sai na riƙa kewar waje. Inuwar bedi, da iska, da fuskokin mutane in suna dariya. A ɗaki sai dai in ji dariyar ta shigo ta taga. Goggo takan leƙo ta ce, "Manya, a taimaka mana da labari, mu talakawan hayaƙi." Wani lokaci in na gama tuƙi da wuri sai in fita in karɓi kaskon wata, don kawai in zauna cikinsu.

Daga baya Alhaji ya sayo injin matsa. Wadda aka koya wa sarrafa shi, ba sai na faɗa muku daga wane gari take ba. Turame suka koma bayan ɗaki, kaji na ƙwai a ciki. Injin kuwa ƙararsa ba ta barin a ji ko sallama, balle labari. Ban daɗe ba na ce a yafe ni, na dawo ɗakina inda da ma can na fi so. Yanzu gidan an rushe shi an yi shaguna, ɗalibai na sayen katin waya a daidai inda kaskona yake. Bedin ma an sare.

Da Manaja ta rasu na je Kurfi gaisuwa. Ta Kurfi ce ta yi mini rakiya, ta yi furfura ita ma. Muka bi ta gaban rijiyar nan. Ta ce, "Yaya, kin san ko a ciwonta na ƙarshe sai da ta ba mu labarin jakin nan? Amma ba ta iya muryar kawu ba." Muka yi dariya, muka share ido, na hau mota.

Ƙaramin turmin yana nan wurina, na roƙa aka ba ni. In kaka ta yi nakan sayi 'yar gyaɗa in matsa na miya, jikoki su kewaye ni suna jiran tunkuza. Kwanan baya babbar cikinsu ta tambaye ni wai da gaske ne mai yana gudun surutu. Na ce mata ƙwarai kuwa, haka muka taras, saboda haka duk su yi mini shiru. Suka yi tsit. Ni kuma na kama taɓarya na fara musu daga ranar da kawu ya je sayen jaki.